Baba Uku, Mai Zare Faifai Ranar Alhamis

Ranar Talata, sha uku ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina kuma abokin aikina, wanda duk kamfaninmu ya sani da Baba Uku. Ya cika a asibiti, a kan gadon da ake tura marar lafiya zuwa ɗakin tiyata, kafin a kai ga ƙofar. Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu, da mahaifiya tsohuwa wadda har yanzu takan manta ta tambaya ko ya dawo daga aiki.

An ce in rubuta wani abu a madadin ma'aikata. Zan rubuta, amma da kai zan yi magana, Baba Uku, domin akwai maganar da ba mu ƙarasa ba, kuma ka san ni ban iya haɗiye magana ba.

Bari dai in fara yi wa wanda bai san aikinmu ba bayani. Kamfaninmu rumbu ne na ajiyar bayanai. Asibitoci da kamfanonin inshora da ofisoshin fansho da masu zanen gine-gine suna aiko mana da takardunsu da hotunansu ta waya, mu adana musu. Duk abin da ya shigo sai a ba shi lamba, a kwafe shi gida uku, a ajiye kowane kwafi a ɗakin na'urori daban, a gini daban, a unguwa daban. In gobara ta ci ɗaya, ko ruwa ya shiga wani, akwai saura. Ni nake kula da wayoyin da suka haɗa ɗakunan nan uku. Kai kuma kai ne mai kula da abin da ke cikinsu, tun ranar da aka kunna na'ura ta farko.

Daga nan sunan ya samo asali. Duk wanda ya ce maka ya ajiye abu, tambayarka ɗaya ce: "Kwafi nawa?" In ya ce biyu, sai ka ɗage gira ka ce, "To ba ka ajiye ba tukuna." Makullin gidanka uku ne, tabaranka uku, har cokalin shayinka uku ne a aljihun tebur. Wata rana muka tsokane ka, muka ce to ita matarka Hajiya fa, me ya sa ka bar ta ita kaɗai? Ka yi dariya har da buga tebur, ka ce ai ita ba a samun irinta, balle a kwafa.

Abin da aka fi saninka da shi shi ne al'adarka ta ranar Alhamis. Da safe, bayan kowa ya zauna, sai ka ɗauki kofin shayinka, ka zari rigar sanyin nan mai ruwan toka da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa, ka shiga ɗakin na'urori. Ka bi layin akwatunan ƙarfe a hankali kamar mai zaɓen kaya a kasuwa, ka tsaya inda ranka ya so, ka sa hannu ka zare faifan ajiyar bayanai ɗaya lafiyayye yana cikin aiki. Fitila ta koma ja, ƙararrawa ta ɗauka, kai ko a jikinka. Sai ka koma gaban allo ka zauna kana kallo yadda sauran na'urorin za su gane an yi rashi, su nemo kwafin da ya saura, su sake cika shi uku. Ba ka tashi sai fitila ta koma kore. Ranar da tsohon manajanmu ya fara ganin ka yi haka, saura kaɗan ya zube a wurin. Ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Ka ce, "Ranka ya daɗe, faifan nan mutuwa zai yi ko na taɓa shi ko ban taɓa ba. Gara ya mutu da rana tsaka ina tsaye a kansa da shayina a hannu, in ga ko 'yan'uwansa za su rufa masa asiri."

Shekara da shekaru kana riƙe da asirin mutane, ba ka taɓa leƙa ko ɗaya ba. Kana da ikon buɗe komai, amma lamba kawai kake kallo. Na san da ɗan'uwanka da ya yi fushi da kai na tsawon lokaci saboda ka ƙi duba masa takardar fanshon wani da suke rigima. Ka ce masa mai gadi ba ya buɗe jakar da aka ba shi ajiya. Bai ji daɗi ba, kai ma ba ka ji daɗi ba, amma ba ka sauka daga kan maganar ba.

Alherinka kuwa, kowa a ginin nan yana da nasa labarin. Rigar sanyin nan da na ambata ba taka ce kai kaɗai ba. Ka sayo ta ne da ka ga mai sharar ɗakin na'urori tana fitowa haƙoranta na haɗuwa, ka kafa ƙusa da hannunka, ka ce ta duk wanda zai shiga ce. Sai kuma labarin Maman Tagwaye, injiniyar da ke zaune kusa da kai. Ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, barci bai ishe ta ba, ta kuskure ta ba da umarnin goge ajiyar wani kamfanin gine-gine gaba ɗaya. Ta zo wurinka a guje. Ka miƙa mata kujera, ka ce ta sha ruwa. Ashe tuntuni ka tsara rumbun yadda duk abin da aka goge sai ya yi zaman jira a gefe kafin ya tafi da gaske. Kafin azahar komai ya koma wurinsa. Da aka kira taro ana neman wanda za a ɗora wa laifi, ka miƙe ka ce laifin naka ne, tunda kai ka gina ƙofar da yatsa ɗaya zai iya buɗewa. Ba ka bari an ambaci sunanta ba.

Akwai kuma wani alherin naka wanda a lokacin muka yi ta sa maka albarka a kansa, yau kuma shi ne yake ci mini rai. Duk aikin da ya yi nauyi, duk gyaran da zai ja lokaci, sai ka kori kowa. "Maman Tagwaye, tashi ki tafi, yara na jira." "Sarkin Waya, je ka ka kai tsohuwa asibiti, ni zan ƙarasa." Haka kake kirana, Sarkin Waya. Mu kuwa mu kwashi jakunkunanmu muna godiya. A haka shekaru suka tafi, aikin yau da kullum kowa ya iya, amma aikin ranar tsanani a hannunka kaɗai ya zauna.

Bara aka kawo sabbin shugabanni, suka zo da maganar tsimi. Suka duba suka ga ɗaki na uku yana shan wuta da haya, kuma tunda aka gina shi ba a taɓa buƙatarsa ba. Suka ce kwafi biyu ya isa. Ba mugaye ba ne, ba kuma jahilai ba ne. Mutane ne da ba su taɓa ganin rumbu ya kama hanyar rushewa ba. Ka yi magana a taro, ka yi a rubuce, ka bi su har ofis. Na ga ranar da muryarka ta yi rawa, abin da ban taɓa ji ba. Aka yi maka godiya, aka rufe ɗakin. Ni na cire wayoyinsa da hannuna, kana tsaye a bakin ƙofa kana kallo.

A farkon shekarar nan ka fara dafe ƙirji in ka hau bene. Hajiya ta matsa, ka je aka ɗauki hoto, likita ya ce babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciyarka ta kumbura, kuma in ba a yi aiki ba wata rana za ta fashe. Aka sa ranar tiyata. Asibitin nan kuwa a wurinmu yake ajiyar duk hotunan marasa lafiyarsa. Na ce maka cikin wasa, "Ai hoton ƙirjinka yana cikin rumbunka, ka buɗe mu ga ko akwai zuciya a ciki." Ka ce, "Ba nawa ba ne, na asibiti ne. Ni lamba nake gani."

Ana saura 'yan kwanaki a kwantar da kai, zafin bana ya yi abin da ya yi. Injin sanyaya ɗaki na biyu ya tsaya a ranar hutu, na ko-ta-kwana ya ƙi tashi, kafin a ankara ɗakin ya zama kamar tanda. Da muka buɗe ƙofa warin ƙonannen roba ne ya tare mu. Fiye da rabin faya-fayan ciki sun tafi. Abin da ya rage wa duniya na ajiyar mutane shi ne kwafi ɗaya tak, a ɗaki na farko, a kan tsofaffin faya-fayan da tuni ya kamata a ce an sauya su.

A cikin wannan kwafi ɗaya akwai hotunan asibitin nan kaf. Akwai na masu cutar daji da ake gasa wa ciwo da haske, waɗanda in hotonsu na farko ya ɓata likita ba zai san inda ya tsaya ba. Akwai na yaran da aka yi wa aiki a kai, ana bibiyar su. In faifai ya mutu a ɗakin nan kafin a kwafe abin da ke kansa, shi ke nan, babu inda za a nemo shi.

Shugabanni suka rikice. Na'urorin da aka ce ba a da halin saya suka iso cikin gaggawa, aka gyara ɗaki na biyu, aka buɗe na ukun da aka rufe. Sai dai kwashe ajiyar ba abin da za a sake wa na'ura ba ne ta yi da kanta. In an bar ta, za ta afka wa tsofaffin faya-fayan gaba ɗaya tana karantawa, su ɗau zafi su mutu a hannunta. Dole mutum ya zauna ya riƙe linzami, ya sassauta nan, ya ƙara can, ya san faifan da ya fara gajiya a kwashe nasa tukuna. Na sha ganin ka ɗora bayan hannunka a jikin akwatin ƙarfe kamar mai duba zazzaɓin yaro, ka koma ka rage gudu. Ka nemi asibiti ya faɗa maka sashen da ya fi gaggawa, ka bi yadda suka ce. Sashen masu ciwon zuciya, inda naka hoton yake, can ƙasa ya faɗo, kuma a can ka bar shi.

Ranar tiyata ta zo ta wuce kana kan kujera. Likita ya kira, ka ce a ɗaga. Hajiya ta zo ofis da rana tsaka da kwanon abinci, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a bakin ɗakin sanyi ba ta shiga ba.

Ta ce, "Baban yara, likita ya ce abin nan ba ya jira."

Ka ce, "Na sani. Wannan ma ba ya jira. Ki yi haƙuri, da zarar kwafi na biyu ya cika zan kai kaina."

Da ta tafi na rufe ƙofa na sauke maka abin da ke cikina. Na ce ka zaunar da Maman Tagwaye ka nuna mata, ka tafi a yanka ka. Ka ce yanzu ba lokacin koyo ba ne, kuskure ɗaya ya isa a rasa hoton yaron wani, kuma ba za ka ɗora mata wannan a wuya ta kwana da shi har ƙarshen ranta ba. Na ce, "To da can da lokacin koyon yake, me ya hana?" Ka juya ga allo. Wallahi na fita raina a ɓace, don na san kana da gaskiya, kuma na san gaskiyar nan za ta iya kashe ka.

Makonni aka yi a haka. Ka rame, idanunka suka faɗa, ka koma yin salla a zaune a gefen akwatunan. Faya-fayai suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, amma kowanne sai bayan ka kwashe abin da ke kansa. Ko ƙwayar hoto ɗaya ba ta salwanta ba.

Ranar Litinin kwafi na biyu ya cika. Ofis ya kaure da murna, manaja ya zo ya rungume ka. Na ɗauko makullin motata na ce tashi mu tafi, alkawari ya cika. Ka dube ni da irin kallon nan naka, ka ɗage gira.

Ka ce, "Sarkin Waya, kwafi nawa?"

Na ce, "Biyu. Kuma ka ce da biyu za ka tafi."

Ka ce, "To ba mu ajiye ba tukuna. Na uku ya kusa. Ka bar ni zuwa Alhamis."

Na kira ka mai taurin kai, na kira ka abin da ya fi haka, ka yi murmushi kawai. Kaico, Baba Uku. Duk duniya ba wanda zai yi wannan kuskuren sai kai.

Washegari da safe mai shara ce ta same ka a ƙasa tsakanin layuka biyu na akwatuna, rigar sanyi a jikinka, kofin shayi a kife. Muka ɗauke ka a motata, kanka a kan cinyar Maman Tagwaye. Kana numfashi da ƙyar, kuma abin da ka iya ce mata shi ne kada ta bari kowa ya ƙara gudun kwashe ajiyar.

A asibiti likita ya buga lambarka a kwamfuta don ya ga hotonka na farkon shekara. Ina tsaye a bayansa. Kafin ya ɗauke yatsa hoton ya fito, tas, babu ko ɗigo da ya ɓata. Bai san aikinka ba, bai san ko kai wane ne ba ban da marar lafiyar da ya yi ta gudun tiyata. Ya ce da ma'aikaciyar jinya, "Alhamdu lillahi hotunan nan suna nan, makonnin nan a tsorace muke." Sannan ya haɗa da sabon hoton da aka ɗauka, ya ce a tura ka yanzu yanzu. A nan na fara ganin cikin ƙirjinka, abin da kai ka ƙi kallo. A barandar da aka bi da kai akwai mutane a jere kan benci, har da wata mata da yarinya mai ɗaure da kai, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ɗaga ido ya dubi gadon da ya wuce.

Bayan an kai ka makwanci, washegari muka je gida mu ma'aikata. Hajiya ta sa aka shigar da ni, tana zaune a kan tabarma, ƙaramar 'yarku ta kwantar da kai a jikinta. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Malam, ina da tambaya. Shekara da shekaru yana gaya mini a wurinku ba a ajiye abu ɗaya, komai uku ne."

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Ta ce, "To shi me ya sa kuka bar shi shi kaɗai?"

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, sai na sunkuyar da kai. Na dubi tabarma har aka yi sallama da wasu baƙi, na tashi na fita.

Ranar Alhamis da safe kwafi na uku ya cika, kamar yadda ka ce. Fitilun ɗakunan nan uku suka koma kore gaba ɗaya a kan allo, ba wanda ya yi tafi. Maman Tagwaye ta miƙe, ta zari rigar daga ƙusa, ta ce mini, "Tashi." Ta kira wani injiniyan daga sashen tsaro ta ce shi ma ya taso. Na ce mata ni mutumin waya ne, ban san kan faifai ba. Ta ce, "Za ka sani." Muka shiga mu uku. Ta bi layi, ta tsaya, ta zare faifai. Ƙararrawa ta ɗauka. Muka koma gaban allo, tana faɗin abin da take gani da ƙarfi, mu muna maimaitawa kamar 'yan aji ɗaya, hawaye na zuba a fuskarta ba ta share ba. Ba mu tashi ba sai da fitila ta koma kore. Ta riga ta gaya wa manaja cewa daga yau babu aikin da mutum ɗaya zai riƙe a ginin nan, kuma duk wanda ya ce mata ta tafi gida yara na jira, zai ji abin da bai taɓa ji ba.

Allah Ya jiƙan ka, Baba Uku. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, har da wannan na ƙarshe da na kasa daina jin haushinsa. Yadda ka rufe idonka daga asirin bayinSa, Allah Ya rufa naka asirin ranar tsayuwa. Yadda ka tsare amanar mutanen da ba su san da kai ba, Allah Ya sa ka tarar da taka ajiyar a wurinSa cikakkiya, babu abin da ya ɓata. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta dukan ma'aikata ga mahaifiyarka, Allah Ya sanyaya mata zuciya a tsufanta. Ga 'ya'yanka, Allah Ya raya su a kan gaskiyarka, Ya zama gatansu. Ga 'yan'uwa da dangi, Allah Ya ba su haƙuri. Ke kuma Hajiya, Allah Ya ba ki juriyar abin da ya fi ƙarfin baki. Har yau ban sami amsar tambayarki ba. Duk abin da aka ba mu ajiya yana nan, mun mayar wa masu shi babu ragi. Naki ne kaɗai ba mu da wani da za mu mayar miki.